Tirelar tafi-da-gidanka: in ɗura giris kawai, ko sai na kwance ƙafafun?

Abban Khadija (Ohio):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar masu sana'a nake nema. Watan jiya na sayi tirelar tafi-da-gidanka, irin wadda ake ja da mota, mai gado da ɗan kicin da bayi a ciki. Ta hannu ce, ƙirar 2017, aksil biyu, taya huɗu. Dattijon da ya sayar min ya ce tunda matarsa ta kwanta ciwo ba su ƙara fita da ita ba, shekara uku tana ajiye a bayan gida a kan ciyawa. Ni kuma na yi wa yara alkawari in an yi hutun makaranta za mu je duwatsun Smoky da ke Tennessee, daga nan Columbus kusan mil 400 ne.

Tayoyin zanensu raɗau, kamar jiya aka sa su. A tsakiyar kowace ƙafa kuma akwai ɗan nonon giris ƙarƙashin wani murfin roba. Maƙwabcina ya ce in sayi bindigar giris in ɗura, in kama hanya abina. Hakan ya wadatar, ko sai an kwance? Na tambayi wani gareji, kuɗin da suka faɗa min ya yi min nauyi.

Oga Sani Bakanike (Kano):
Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Ni ban taɓa taɓa irin wannan tirelar ba, amma boris boris ne, ko a Ƙofar Ruwa ko a Amurka. Abin da ya shekara uku a tsaye a kan ciyawa, raɓa da ruwan sama suna dukansa, ba za ka san halin da yake ciki ba sai ka buɗe ka gani da idonka. Ka kwance. Ƙafa huɗu ce kacal, aikin yini guda ne.

Nura Mai Faci:
Yallaɓai kafin a je ga boris, ɗauko mana hoton gefen taya. Akwai inda aka rubuta DOT, ka bi rubutun har ƙarshe, lambobi huɗu na ƙarshe nake so. Zane ba ya nuna shekarun taya.

Abban Khadija (Ohio):
Na duba. An rubuta ST205/75R14, sai harafin C a wajen nauyi. Lambobin ƙarshe 1417, duka huɗun da safaya.

Nura Mai Faci:
Shi ke nan. Sati na 14 na shekarar 2017 aka yi su, wato tayoyin da tirelar ta fito da su daga kamfani ne. Nan gida jami'an kiyaye haɗurra na FRSC shekara huɗu suke ce wa mutane, kai naka sun ninka haka. Ka durƙusa da tocila ka leƙa cikin ramin zanen da gefen da ke kallon ciki, za ka ga tsattsagewa ƙanana kamar faso. Ni na sha karɓar tayar Beljiyam mai zane fes, a sa mata iska, ba ta kai Wudil ba ta yi bindiga. Roba ce, in ta bushe ta bushe. Ka canza duka biyar.

Baba Ɗan'azumi Direba:
Yaro ya faɗi gaskiya a kan tsufa. Amma zan ƙara maka wata dabara ta hanya, Alhaji. Tunda lokacin zafi za ka yi tafiyar, kada ka cika wa tayar iska tam. Ka ɗan rage, don in kwalta ta yi zafi iskar ƙaruwa take. Shekara talatin da ɗaya ina jan tirela tsakanin Legas da Maiduguri, haka muka tarar ana yi.

Malam Habu (Texas):
Baba, Allah ya ƙara girma, a nan kam zan saɓa maka, kuma ka yi min haƙuri. Gaskiya ne iska na ƙaruwa in taya ta ɗau zafi, amma masu ƙera tayar sun riga sun sa wannan a lissafi. Lambar da suka rubuta a jikinta ta lokacin da tayar take da sanyi ce, da safe kafin a motsa. Abin da ke kashe tayar tirela ƙarancin iska ne. In iska ta yi kaɗan, gefen tayar lanƙwashewa yake yana miƙewa a kowane juyi, wannan murzawar ce ke haifar da zafin da ke raba roba da wayar ciki. Kuma nauyin da take iya ɗauka da iskar yake tafiya. Irin tayar Abban Khadija mai harafin C, fam 1,760 take ɗauka in an sa mata iska 50 a geji. Ka rage iska, ka rage mata ƙarfi, kaya kuwa suna nan yadda suke.

Shekara tara ina jan irin wannan tirelar a zafin Texas, wanda bai da maraba da na Sakkwato a watan Afrilu. Kullum da asuba nake aunawa, in cika ta zuwa lambar da aka rubuta, kuma ko na tsaya a hanya na ga gejin ya hau, ba na sace ko kaɗan.

Baba Ɗan'azumi Direba:
To Malam Habu, mu da guduma muke bugun taya mu ji sautinta, ku kuna da geji. Ba zan yi musu da abin da aka rubuta a jikin taya ba. Amma na ga tayar da aka cika fiye da ƙima ta fashe a hannun mai faci, yaron bai ƙara gani da ido ɗaya ba. Wannan nake gudu.

Malam Habu (Texas):
Allah ya kiyaye, Baba. Wuce ƙima haɗari ne, babu ja. Lambar da ke jiki za a tsaya, kada a haura, kada a gaza.

Abban Khadija, in za ka sayi sababbi, ka duba masu harafin D a girman nan. Suna ɗaukar fam 2,040 a kan iska 65, sai dai ka tabbatar wilinka da bawul ɗin suna jure 65. Ka kuma duba ranar haihuwarsu tun a shago, kada a ba ka wanda ya shekara biyu a sito. Sannan gudu: tayoyin ST, wato na tirela, a al'ada mil 65 a awa aka gina su a kai, kilomita 105 ke nan, sai dai in an rubuta wani abu daban a jiki. A kan babbar hanyar I-75 da za ka bi kowa zai riƙa wuce ka, ka bar su su wuce.

Abban Khadija (Ohio):
Na gode ƙwarai. Ina da tayoyin tsohuwar motar uwargida a gareji, inci 14 ne su ma, ba su fi shekara biyu ba. Ba za su yi ba?

Nura Mai Faci:
A'a yallaɓai. Gefen tayar ƙaramar mota taushi gare shi, don jin daɗin zama aka yi ta. Tirela mai aksil biyu in tana shan kwana, tayoyin ja ake yi a kaikaice a ƙasa, ka tsaya ka kalla wata rana, har murɗewa suke. Gefe mai tauri ake so.

Malam Habu (Texas):
Ƙari a kan na Nura, ƙa'idar nan Amurka ita ce in an sa tayar ƙaramar mota a tirela, sai an raba nauyin da aka rubuta mata da 1.10, wato ta yi asarar kusan kashi ɗaya cikin goma tun kafin a tashi. Ka bar wa uwargida tayoyinta.

Yanzu mu koma kan tambayarka ta asali, don ita ce ta fi damuna. Nonon giris ɗin nan ba ƙarya ba ne, aiki yake. An huda rami a tsakiyar hancin aksil, giris yana bi ta ciki ya fita a bayan boris na ciki, ya ratsa shi, ya cika hob, ya ratsa boris na waje, tsohon ya fito ta gaba. Amma akwai sharaɗi. Sai an ɗaga ƙafar sama, ana juya ta da hannu ana ɗurawa a hankali, da bindigar hannu, ba ta kwamfiresa ba. Kuma duk wannan ya dogara ne ga oyil sil ɗin da ke baya ya riƙe. Sil ɗin da ya shekara takwas, uku a ciki bai motsa ba, ya bushe. Kana matsa bindiga, giris zai bi hanya mafi sauƙi, ya tura sil ya zube cikin dorom, kan takalman birki. Daga waje ba abin da za ka gani. Za ka ji daɗi ka yi sabis, alhali ka shafe birkinka da mai.

Ni ya faru da ni, shi ya sa nake magana da zafi. Shekarata ta biyu da tirela na kai ta wani gareji, ashe ɗurawa kawai suka yi. Muna gangarowa daga wani dutse a Colorado, iyalina duka a mota, na ji tirelar tana tura ni daga baya. Na matsa birkinta da hannu, babu wani riƙo na kirki. Allah ya sa akwai wurin rakuɓewa. Da muka cire dorom washegari, ƙafa uku cikin huɗu giris ne baƙi ƙirin ya lulluɓe takalman da maganaɗisun, har yana ɗiga a yatsa. Tun ranar ba wanda ya ƙara taɓa min ƙafar tirela sai ina tsaye a kansa.

Littafin kamfanin Dexter, wanda aksil ɗinsu ne a ƙarƙashin da yawa daga tirelolin nan, cewa ya yi a duba boris a sake giris duk wata 12 ko mil 12,000, duk wanda ya riga zuwa. Ka lura da wata 12 ɗin. Yawancinmu ba ma yin mil 3,000 a shekara, zama ne ke cinye kayan.

Hajiya Maman Walid (Minnesota):
Sallama gare ku. Malam Habu ya taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Mu nan rabin shekara tirela a cikin ƙanƙara take, ga gishirin da ake zubawa a titi. Bara da bazara ni da babban ɗana muka buɗe tamu, ba ta yi ko mil 1,000 ba a shekarar, amma a jikin kofin boris, wato zoben da boris ke juyawa a cikinsa, akwai layi-layi na tsatsa, daidai inda kowane ɗan ƙarfe ya kwanta duk tsawon hunturu. Ka sa farce ka ji shi yana kamawa. Giris ɗin kuma ya koma fari-fari kamar an dama shi da madara, alamar ruwa ya shiga. Da ɗurawa muka yi, da sabon giris ya hau kan tsatsar kawai.

Abban Khadija, kada kuɗin gareji ya tsorata ka, kuma kada aikin ya tsorata ka. In mace da ɗan shekara sha shida sun yi, kai ma za ka yi. Ka dai sa yaran su tsaya nesa lokacin da take kan jak.

Oga Sani Bakanike (Kano):
Hajiya ta gama magana. Bari in faɗa maka yadda za ka yi, Alhaji, kamar kana gabana a gareji.

Ka sa waigi a tayoyin ɗaya gefen, gaba da baya. Ka sassauta notocin taya tun tana ƙasa. In ka ɗaga, kafin ka cire komai, ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza, ka juya ta ka kasa kunne. In tana wasa da yawa ko tana gurnani, ka riga ka san labari. Ka cire murfi, ka cire abin da ke riƙe da babban noti, ka zare noti da washa, boris na waje zai faɗo a hannunka, ka tare shi kada ya sha ƙasa. Ka jawo dorom. Na ciki yana baya, sil ne ya tare shi, sai ka ɓalle sil ɗin. Wanda ka ɓalle ya tafi ke nan, ko ya yi maka kyau a ido, sabo za ka sa.

Ka wanke boris da kananzir tas, ka bar shi ya bushe. Kada ka hura masa iskar kwamfiresa yana juyawa a bushe, yara suna son yin haka don ƙarar, yana lalata shi. Ka kai shi rana ka duba ƙarafan ɗaya bayan ɗaya. Rami, tsatsa, ko ya canza launi ya yi shuɗi-shuɗi, duk na yarwa ne. In za ka canza boris, ka canza da kofinsa, aure ne a tsakaninsu, ba a haɗa sabo da tsoho.

Cusa giris kuma a tafin hannu ake yi. Ka zuba a tafin hagu, ka riƙa danna faffaɗan bakin boris a kai kana dangwala, har sai ka ga giris ya ɓullo ta ɗaya bakin, ka juya ka ci gaba har ka zagaye. Shafawa a bayansa kawai ba aiki ba ne.

Inda mutane suka fi kuskure shi ne ɗaurin noti. Ka ɗaure shi sosai kana juya dorom don komai ya zauna, sai ka kwance shi gaba ɗaya ba tare da ka juya dorom ba, ka mayar da yatsa kawai, sannan ka ɗan ja baya zuwa ramin farko da fin zai shiga. Boris irin wannan ɗan numfashi yake so. Ka matse shi, kafin ka yi tafiyar awa guda ya ƙone.

Malam Habu (Texas):
Oga Sani, wallahi kamar ka karanta littafin Dexter ɗin. Ɗaurin farkon nan 50 ft-lb suka rubuta a sifana mai awo. Abu biyu zan ƙara. Na ɗaya, kada ka sa jak a jikin bututun aksil, a shasi za ka sa, ka kuma tokare da ƙarfen tsayawa. Bututun ba kauri gare shi ba, kuma da gangan aka ɗan lanƙwasa shi sama a tsakiya don in an yi lodi tayoyin su miƙe. Kada ka gan shi a lanƙwashe ka ce ya lalace. Na biyu, in aksil ɗinka mai fam 3,500 ne, ka duba takardar da ke manne a jikinsa, galibi boris na ciki L68149 ne, na waje L44649, amma ka karanta lambar da ke jikin naka kafin ka saya. Sil mai leɓe biyu za ka nema. Giris kuma mai lamba 2 na ƙafar mota, iri ɗaya, kada ka gauraya da tsohon da ba ka san asalinsa ba.

Baba Ɗan'azumi Direba:
Ni fa abin da ban gane ba, ina tankin iskar birkin? Ko mai yake amfani da shi?

Malam Habu (Texas):
Lantarki ne, Baba. A cikin kowane dorom akwai maganaɗisu kamar girman tafin yaro. In direba ya taka birki, wata 'yar na'ura a cikin mota tana tura wuta ta shuɗiyar waya a cikin soket mai baki bakwai. Maganaɗisun ya manne wa fuskar dorom da ke juyawa, juyawar ta ja shi, shi kuma ya ja hannun da ke buɗe takalman. Kowanne yana jan wuta kamar amfiya 3. Shi ya sa waya ɗaya in ɓera ya ci, ko tsatsa ta kama wajen wayar at (earth), ƙafar nan ba ta da birki, kuma ba ƙarar iska da za ta gaya maka.

Ɗan Maraɗi (Jamus):
Salamu alaikum. Abin ga ya ba ni mamaki, don mu nan Turai daban ne. Karaban ɗinmu, wato irin wannan tirelar, babu wuta a birki. In mota ta rage gudu, karaban ta turo, wuyanta ya shige ciki, shi ne ke jan sanda da wayoyin da ke kama birki. Boris ɗin kuma a rufe yake zuwa, ba a sa mishi giris, in ya mutu a canza, kuma babban notin sau ɗaya ake ɗaura shi, in an kwance sai sabo. Amma zancen taya ɗaya ne da abin da Nura ya ce. Nan Jamus mai jan karaban kilomita 80 aka yarje mishi. In kana son izinin 100, cikin sharuɗɗan akwai cewa tayoyin kada su kai shekara shida. Ranar da suka cika shida, ko zanensu bai taɓu ba, ka koma 80.

Baba Ɗan'azumi Direba:
Ikon Allah. To ko da wuta ko da iska, ga abin da na sani, Alhaji. Gangara da giya ake saukarta. Mu a Hawan Kibo, giyar da ka hau da ita, da ita kake sauka, birki taɓawa ake a saki, ba a kwanta a kansa. Kuma duk inda ka tsaya, ko fitsari yara za su yi, ka zagaya ka kai bayan hannunka kusa da kowane hob. Ɗumi ba komai. Amma in uku suna da ɗumi ɗaya yana ƙuna, kada ka ƙara ko taku ɗaya. In kuma kun sauko gangara uku sun yi zafi ɗaya yana sanyi ƙalau, wannan ɗin birkinsa ba ya aiki. Na taɓa ganin ƙafar tirela ta fice da wuta a jikinta ta shiga gonar mutane, daga boris ne.

Malam Habu (Texas):
Wannan ya shafe ka kai tsaye, Abban Khadija, don da ka tsallaka Kentucky ka shiga Tennessee akwai dutsen Jellico, hawa da gangara masu tsawo.

Abban Khadija (Ohio):
'Yan uwa, na dawo da rahoto. Jiya Asabar tun bayan sallar asuba na fara, ban gama ba sai la'asar. Ƙafa biyu na gaba lafiya, giris ya dai yi baƙi ya daskare. Ta baya ta dama, boris na waje yana da layin tsatsar da Hajiya ta kwatanta, sak. Ta baya ta hagu kuwa, da na jawo dorom sai ga giris cunkus a ciki, ja da baƙi a gauraye, ya shafe takalman duka biyu. Ashe wani ya riga ni bin shawarar maƙwabcina. Kuma wayar maganaɗisun wannan ƙafar a tsinke take, wani abu ya gwaguye ta. Jikina ya yi sanyi da na tuna a haka na jawo ta gida daga wajen dattijon, Khadija tana kujerar baya.

Tambaya: takalman suna da sauran nama sosai. In wanke su da fetur in mayar?

Oga Sani Bakanike (Kano):
Kada ka soma. Lainin yana shan mai kamar soso. Ka wanke saman ya yi fes, yana ɗaukar zafi sai man ya sake tsattsafowa. Ka canza, kuma ka canza har na ɗaya gefen a aksil ɗin, in ba haka ba gefe ɗaya zai fi kamawa, ta riƙa fizgar ka. Dorom ɗin shi ana wankewa.

Malam Habu (Texas):
Alhamdu lillahi da ka buɗe. Ka sayi farantin birkin gaba ɗaya, da takalma da maganaɗisu da sifirin a haɗe yake zuwa, noti huɗu ne da waya biyu, ya fi sauƙi a kan tsintar kaya ɗaya-ɗaya. Akwai na dama akwai na hagu, gajeren takalmi ne ke kallon gaba. In ba mai saita kansa ba ne, akwai ɗan rami a baya, ka murza ɗan ƙarfen saiti mai kama da tauraro da ke ciki har ƙafar ta ƙi juyawa, sai ka sassauta har ta juya da ɗan gogawa kaɗan. Sabon birki ba ya kamawa sosai sai ya zauna, don haka ka sami hanyar da ba mutane, daga mil 40 ka rage zuwa 20 da birkin tirela kaɗai, sau 20 zuwa 30, kana ba shi lokaci ya huce a tsakani. Bayan mil 200 ka sake saiti. Notocin taya kuma ka sake bin su da sifana mai awo a mil 10, da 25, da 50.

Tunda kana ƙarƙashinta, ka leƙa inda sifirin aksil ke rataye. Bushin ɗin roba ne, yana cinyewa, in ramin ƙarfen ya zama kamar ƙwai a canza.

Hajiya Maman Walid (Minnesota):
Kada a manta da ɗan igiyar nan ta wuya, wadda in tirela ta ɓalle daga mota take fizge fin birki ya kama. Da batirin tirelar take aiki. Batirin da ya shekara uku a ajiye, ina shakkar akwai sauran rai a cikinsa. Ka cire soket daga mota, ka zare fin ɗin, ka gwada juya ƙafafun, ka mayar da shi nan take kada maganaɗisun su yi zafi.

Abban Khadija (Ohio):
Na gwada yanzun nan, Hajiya. Duka huɗun juyawa suke, batirin ya mutu murus. Na ƙara shi a lissafi: taya biyar, faranti biyu, boris da kofi, sil huɗu, batir. Na gaya wa yara tafiyar ta koma sati na biyu na hutu. Oga Sani, kofin boris ɗin ya ƙi fita daga hob, na buga har hannuna ya gaji. Akwai dabara?

Oga Sani Bakanike (Kano):
Ka goge giris ɗin cikin hob tukuna, za ka ga bakin kofin ya ɗan leƙo ta baya. Ka ɗora hob a kan katako biyu, ka sa ƙarfe mai laushi a bakin, ka buga nan, ka koma ɗaya gefen ka buga, kana zagayawa kaɗan-kaɗan. Gefe ɗaya kake duka shi ya sa ya karkace ya cije. Tsohon kuma kada ka yar, da shi za ka dora a kan sabon ka buga shi ya shiga. In ya zauna za ka ji sautin gudumar ya canza. Turo min hoto kafin ka sa sil.